Digirin Intanet A Gaban Masu Ɗaukar Ma'aikata

A kowace shekara dubban 'yan Nijeriya suna kammala karatun digiri ba tare da sun taɓa kwana a ɗakin ɗalibai na wata jami'a ba. Darasi yana iske su ta kwamfuta ko wayar hannu, su yi nazari da dare bayan an tashi daga ofis ko kasuwa. Cikinsu akwai malaman firamare, da 'yan sanda, da sojoji, da ma'aikatan asibiti, da matan aure waɗanda hidimar gida ba ta bar su sun yi nisa ba. Wahalarsu ta gaskiya ba ta bayyana sai ran da suka ɗauki takardar shaida zuwa neman aiki ko ƙarin girma. A nan ne jami'in ɗaukar ma'aikata zai juya takardar, ya dubi sunan makarantar, sa'an nan ya ce, "Au, irin na intanet ɗin nan ne?" Daga yadda maganar ta fito mai neman aikin kan gane matsayinsa.

Wannan shakka ta masu ɗaukar ma'aikata tana da tushe, ba haka kawai ta faɗo daga sama ba. Sai dai sau da yawa ba a kan wanda ya cancanta take sauka ba. Abubuwa uku ne dabam-dabam ake yi wa kuɗin goro a kira su digirin intanet. Akwai digirin jami'ar da hukuma ta amince da ita, wadda ke koyarwa daga nesa amma ta yi jarrabawa a gaban masu sa ido. Akwai takardar gajeren kwas na 'yan makonni, wadda ke da amfaninta amma ba digiri ba ce. Akwai kuma takardar da aka saya da kuɗi ba tare da an buɗe littafi ba. Wanda ya kasa rarrabe waɗannan uku, lalle zai kori mai gaskiya, kuma ba mamaki ya buɗe wa maƙaryaci ƙofa.

BA YAU AKA FARA BA

Karatu daga nesa ya girmi intanet da fiye da shekara ɗari. Tun a 1858 Jami'ar Landan ta buɗe hanyar ba da digiri ga waɗanda ba su zauna a cikinta ba, muddin sun ci jarrabawarta. Dattawa za su tuna zamanin da akawu ko malamin makaranta kan karɓi darussa ta gidan waya daga kwalejojin Ingila irin su Wolsey Hall da Rapid Results, ya yi aikin gida a hasken aci-balbal, ya mayar ta wasiƙa a duba masa. Ta wannan hanya Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke jikin takardar Naira 10, ya sami digirin falsafa na Jami'ar Landan yana koyarwa a ƙasar nan. Ta ita ce kuma Cif Obafemi Awolowo, na jikin Naira 100, ya sami digirin harkokin ciniki a 1944, kafin ya tafi Ingila karatun lauya. Nelson Mandela ma yana tsare a kurkuku ya sami digirin shari'a na Jami'ar Afirka ta Kudu a 1989.

Ba a taɓa jin wanda ya raina ilmin waɗannan mutane don ba su zauna a aji ba. Dalili kuwa shi ne kowa ya san wanda ya tsaya wa takardarsu. Jarrabawar da aka ba su ta Jami'ar Landan ce ko ta Afirka ta Kudu, kuma ba a cin ta da roƙo ko da sanayya. Ashe ke nan darajar takarda daga jarrabawa take fitowa da kuma sunan wanda ya yi ta. Gidan waya ɗan aike ne kawai, yadda intanet ta zama 'yar aike a yau.

A gida Nijeriya ma an daɗe a kan wannan hanya. A 1976 aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin malamai su ƙaro ilmi suna bakin aikinsu. A 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa jami'ar karatu daga gida, gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta dakatar da ita a 1984, ta yi ta barci har Shugaba Olusegun Obasanjo ya farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Ita ce ake kira NOUN, mai hedkwata a Abuja da cibiyoyin karatu fiye da 100 a faɗin ƙasa, har da cikin gidajen yari. Obasanjo da kansa ya koma ɗalibinta bayan ya sauka daga mulki, aka ba shi digirin digirgir a fannin ilmin addinin Kirista a bikin yaye ɗalibai na 2018. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Jami'o'in Legas da Ibadan suna da nasu cibiyoyin koyarwa daga nesa, kana a 2023 aka ba wasu jami'o'in karatu daga gida masu zaman kansu lasisi, cikinsu har da Miva a Abuja da Iconic a Sakkwato.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Inda aka fi auna ra'ayin masu ɗaukar ma'aikata a kan wannan batu shi ne Amurka, kuma abin da aka gano yana da ban sha'awa, domin abin da baki ke faɗi dabam, abin da hannu ke yi dabam. A 2018 Jami'ar Northeastern da ke Boston ta tambayi shugabannin sassan ɗaukar ma'aikata 750, sai kashi 61 cikin ɗari suka ce takardar da aka samu ta intanet daidai take da ta aji, ko ma ta fi ta. Wannan amsar baki ce.

Amma wasu masana tattalin arziki, cikinsu da David Deming da Claudia Goldin, wadda ta sami lambar Nobel a 2023, sun bi wata hanya. Sun shirya takardun neman aiki na mutanen da babu su, suka aika wa kamfanonin da suka yi tallar guraben aiki na gaske, suka zauna suna ƙirga wanda aka kira. Sakamakon da suka buga a 2016 ya nuna cewa mai digirin harkokin kasuwanci daga manyan makarantun intanet na 'yan kasuwa, damarsa ta a kira shi ta gaza ta mai digirin talakar jami'ar gwamnati da kashi 22 cikin ɗari.

Akwai wani abu a cikin wannan bincike da ya kamata a tsaya a kai. A ayyukan kiwon lafiya ma an ga ana guje wa takardun makarantun 'yan kasuwa, amma ban da guraben da ake buƙatar lasisin aiki daga wata hukuma ta dabam. Watau da zarar an sami wani amintacce a waje wanda ya gwada mutum ya ce ya iya, sai mai ɗaukar aiki ya daina damuwa da inda aka yi karatun. Tsoronsa na rashin mai tsayawa ne.

Misalin Jami'ar Fasaha ta Jojiya da ke Atlanta ya ƙara tabbatar da haka. A 2014 ta fara ba da digiri na biyu a ilmin kwamfuta ta intanet zalla, a kan kuɗi kimanin dala 7,000, kuma takardar da take bayarwa iri ɗaya ce da ta waɗanda suka zauna a harabarta. Ta jingina sunanta a kan digirin, saboda haka kamfanoni suka karɓe shi da darajar sunan. Haka abin yake ga Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila da aka kafa a 1969, wadda ta shafe fiye da shekara 50 tana yaye ɗalibai.

WAKE ƊAYA

Masu iya magana sun ce wake ɗaya ke ɓata gari. A watan Mayu na 2015 jaridar New York Times ta fallasa wani kamfani mai suna Axact a birnin Karachi na Pakistan, wanda ya buɗe ɗaruruwan shafuna a intanet da sunan jami'o'i da makarantun da babu su a doron ƙasa, yana sayar wa mutane digiri a ƙasashe da dama. Duk manajan da ya taɓa jin irin wannan labari, ba a ga laifinsa ba in ya yi ɗari-ɗari. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai dai abin da ya faru a nan kusa ya nuna cewa ba ta ƙofar intanet kaɗai maciji ke shigowa ba. A watan Disamba na 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian, Umar Audu, ya bayyana yadda ya sami digirin aikin jarida daga wata makaranta a Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin mako shida, ba tare da ya halarci darasi ko ya rubuta jarrabawa ba. Da wannan takarda ya shiga aikin yi wa ƙasa hidima, alhali kuwa ya riga ya yi hidimar a baya. A watan Janairu na 2024 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta dakatar da tantance digirin ƙasashen Benin da Togo, kuma a watan Agusta na wannan shekara Ministan Ilmi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce 'yan Nijeriya fiye da 22,000 ne ke yawo da takardun jabu daga ƙasashen biyu.

Abin lura a nan shi ne takardar Kwatano ba ta zo da sunan karatun intanet ba. Ta zo ne da hatimin makaranta mai gini da ƙofa, tana nuna mai ita ya shekara huɗu yana karatu. Shi ya sa ta wuce salin-alin. Da za a ajiye ta tare da takardar wani malamin firamare da ya yi shekaru yana zuwa cibiyar NOUN rubuta jarrabawa, manajan da ke hukunci da jin kalmar intanet kawai zai zaɓi ta jabun ya bar ta gaskiyar.

HANNUN GWAMNATI

Ba kamfanoni kaɗai ke da alhakin wannan raini ba, hukumomin gwamnati ne suka fara nuna hanya. A 2015 Majalisar Kula da Ilmin Shari'a ta sanar cewa ba za ta karɓi masu digirin lauya na NOUN a Makarantar Horon Lauyoyi ba, sai ɗalibai masu yawa suka maƙale da takarda a hannu, har daga baya aka shirya musu wani kwas na musamman kafin a ba su hanya. Sai a watan Disamba na 2018, lokacin da Farfesa Abdalla Uba Adamu ke shugabancin jami'ar, Shugaba Buhari ya sa hannu a kan gyaran dokarta domin a daidaita matsayinta da na sauran jami'o'in ƙasa.

Babban tarnaƙi kuwa shi ne takardar yi wa ƙasa hidima. Dokar NYSC, wadda ta samo asali daga mulkin Janar Yakubu Gowon a 1973, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya nemi shaidar hidima daga mai digiri. Wanda ya yi hidima yana da takardar sallama. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama karatu yana da takardar yafewa. Masu karatu daga nesa da masu karatun ƙarshen mako kuwa, shekara da shekaru abin da aka saba ba su shi ne wasiƙar da ke cewa an keɓe su daga hidimar, kuma gyaran dokar 2018 bai sa an buɗe musu sansani nan take ba. Wasiƙar halattacciya ce, daga hukumar ta fito. Amma tallar aiki takan ambaci takardar sallama ko ta yafewa, akawun da ke tace takardu kuwa abin da aka rubuta masa yake bi. In ya ga ta uku wadda ba ta cikin jerinsa, sai ya ture fayil ɗin gefe. Ta haka ake zubar da mutum tun kafin wani ya ji muryarsa.

Wannan kuwa yana faruwa ne a ƙasar da kusan mutum miliyan 2 suka yi rajistar jarrabawar JAMB a 2024, alhali gurabe ba su kai ko kusa ba, kuma a ƙasar da yajin aikin malaman jami'a ya cinye wata tara a 2020 da wata takwas a 2022. Ba daidai ba ne hukuma ta buɗe wa jama'a hanya da hannun dama, ta tare su a ƙarshenta da hannun hagu.

INDA SUKE DA GASKIYA

Duk da haka akwai wuraren da dole a ba masu ɗaukar ma'aikata gaskiyarsu. Wasu sana'o'in ba a koyonsu ta allon kwamfuta. Likita sai ya taɓa majinyaci, injiniya sai ya shiga ɗakin gwaji da wurin gini, malamin gona sai ya taka ƙasa. Shi ya sa a 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya tilasta wa makarantun likitanci na Yukren komawa intanet, Majalisar Likitoci ta Nijeriya ta ce ba za ta amince da digirin likita da aka samu ta haka ba. Iyaye da ɗalibai sun ji zafi, amma ran majinyaci ake magana.

Na biyu, akwai tambayar wa ya yi aikin. In makaranta tana barin ɗalibi ya yi komai daga ɗakinsa ba mai sa ido, ba wanda zai rantse cewa ba ƙaninsa ne ko wani ɗan haya ya rubuta masa ba. Tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT suka fito a ƙarshen 2022, abin ya ƙara sauƙi, ko da yake wannan cuta ta shafi ɗaliban cikin aji ma. A nan ne bambancin makaranta da makaranta ke fitowa. A tsarin NOUN aikin gida yana da kashi 30 na maki, jarrabawar ƙarshen zango tana da kashi 70, kuma a cibiyoyin karatu aka saba rubuta ta a gaban masu sa ido. Wannan ba ɗaya yake da shafin da ke aiko da takarda bayan an tura kuɗi ba.

Na uku, wasu manajoji kan ce zaman jami'a yana koya wa yaro cuɗanya da jama'a, da jure gardama, da aiki tare da wasu. Wannan magana tana da ƙarfi a kan ɗan shekara 18 da ya fito daga sakandare. Ba ta da ƙarfi a kan sajan ɗin 'yan sanda ko ungozomar da ta shekara 15 tana hulɗa da jama'a. Hasali ma wanda ya haɗa aiki da iyali da karatu har ya kai ƙarshe, ba tare da malami na tsaye a kansa ba, ya nuna irin juriya da tsarin lokacin da kowane ofis ke nema.

ABIN YI

Mai ɗaukar ma'aikata yana da tambayoyi uku da za su raba shi da zato. Ta farko, shin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ta amince da makarantar da kuma wannan kwas ɗin? Hukumar tana wallafa sunayen jami'o'in da ta yarda da su, tana kuma fitar da jerin na bogi lokaci-lokaci. In digirin na ƙasar waje ne, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ce ke tantance shi. Ta biyu, ina aka rubuta jarrabawa, wa ya sa ido? Ana iya rubuta wa magatakardar jami'ar a nemi cikakken sakamako kai tsaye, ba ta hannun mai neman aikin ba. Ta uku, wadda ta fi duka, shin ya iya aikin? A ba mai neman akanta littafin kuɗi ya daidaita, a ba mai neman koyarwa alli ya shiga aji, a ba mai ilmin kwamfuta matsala ya warware. A yi wa kowa gwaji iri ɗaya, na aji da na intanet. Gani ya kori ji.

Shi ma mai neman karatu yana da nasa nauyin. Kafin ya biya ko kwabo, ya binciki matsayin makarantar a wurin hukuma, kada ya dogara da kyan shafinta ko daɗin bakin dillali. In sana'ar tana da majalisar da ke ba da lasisi, kamar shari'a, da aikin jinya, da injiniya, ya fara jin ta bakin majalisar. Duk wanda ya yi masa alkawarin digirin shekara huɗu cikin wata shida, to, ciniki yake, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ran ganawa kuma kada ya ɓoye yadda ya yi karatunsa ko ya yi ta kame-kame. Ya faɗi sunan jami'arsa da ƙarfin zuciya, ya nuna sakamakonsa, ya kawo aikin da hannunsa ya taɓa yi.

Ita kuwa gwamnati, wajibinta ne ta yi magana da murya ɗaya. In NUC ta amince da digiri, bai kamata wata hukumar gwamnati ta mai da shi ɗan bora ba. Ya dace a warware batun hidimar ƙasa ga matasan da ke karatu daga nesa, a kuma umarci ma'aikatu su ambaci wasiƙar keɓewa a tallar aiki tare da sauran takardun biyu. Su ma jami'o'in karatu daga gida su sani cewa sunansu shi ne jarinsu. Duk ranar da suka sassauta jarrabawa domin yawan ɗalibai ko yawan kuɗin shiga, sun cuci waɗanda suka yaye jiya da waɗanda za su yaye gobe.

Ƙasar da yawan matasanta ya fi ƙarfin azuzuwanta ba ta da zaɓi illa ta koyar daga nesa, kuma ba za ta ci ribar hakan ba sai masu ɗaukar ma'aikata sun koyi tantancewa maimakon zargi. Wanda ya zauna a aji shekara huɗu da wanda ya yi karatu a tsakar gidansa, ma'auni ɗaya ya kamata a ɗora su a kai, shi ne abin da ke cikin kai da abin da hannu ya iya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.